Yadda ake saye da shan garin kiriyatin ga mai ɗaga ƙarfe

A wajen ɗaga ƙarfen da nake koyarwa a Kano, da wuya mako ya wuce wani saurayi bai jawo ni gefe ya yi mini tambaya kan kiriyatin (creatine), farin garin nan da masu motsa jiki ke sha, ba. Wani a TikTok ya gani, wani abokinsa ne ya nuna masa robar, wani kuwa ya riga ya saya amma ya ɓoye a ƙasan katifa, don a gida an ce ƙwaya ce. Amsata ga kowa iri ɗaya ce. Kiriyatin ba ƙwaya ba ne, kuma yana aiki, sai dai aikin nasa ɗan ƙari ne a kan wahalar da kai ka sha da ƙarfe, kuma mai shan sa kullum ba fashi ne kaɗai yake ganin wannan ƙarin.

Kafin mu kai ga batun gari, sai na tambayi yaro abin da ya ci tun safe, da lokacin da ya kwanta jiya, da kuma watannin da ya yi yana zuwa tirenin. Wanda ya ce mini koko kawai ya sha ya fito, ko kuma sai ƙarfe biyun dare yake ajiye waya, ba na barinsa ya kashe kuɗinsa a kan roba. Kuɗin nan ya saye ƙwai da wake da awara da nono da kifi, sun fi masa amfani nesa ba kusa ba. Haka wanda bai cika wata shida da fara ɗagawa ba, jikinsa na kan samun ci gaba da kansa cikin sauri, bai kai lokacin neman ƙari ba. Wannan bayani na wanda ya wuce nan ne, ko namiji ko mace, don mata masu motsa jiki ma suna sha, kuma awon ɗaya ne.

Abin da yake yi a jiki

Jikinka yana haɗa kiriyatin da kansa a ƙoda da hanta, wajen giram 1 a rana, sauran kuma daga nama da kifi kake samu. Kilo guda na ɗanyen naman sa yana ɗauke da giram 4 zuwa 5, dafuwa kuma tana rage shi. Kusan kashi 95 cikin 100 na wanda ke jikinka a tsoka yake zaune. Mutum mai nauyin kilo 70 yakan riƙe kamar giram 120, alhali tsokarsa za ta iya ɗaukar har wajen 160. Wannan giɓin ne garin yake cikewa.

Amfaninsa yana fitowa ne a lokacin da ka sa ƙarfinka gaba ɗaya. Tsoka tana aiki da wani sinadari da ake kira ATP, kuma wanda ke ajiye a cikinta ba ya wuce daƙiƙa biyu ko uku in aiki ya yi tsanani. Kiriyatin ɗin da ke tsokar, haɗe da fosfet, shi yake sake mayar da ATP ɗin nan take, har zuwa kusan daƙiƙa goma. In ajiyarka ta fi yawa, nauyin da kake ɗagawa sau takwas sai ka ɗaga shi sau tara ko goma, kuma in ka huta minti biyu ka koma, ƙarfinka ya fi saurin dawowa. Wannan ɗagawa ɗaya ko biyu da ta ƙaru a kowane set, wato ɗagawar da kake jerawa kafin ka huta, ita take taruwa cikin watanni ta zama ƙwanji. Saboda haka ya fi dacewa da mai ɗaga ƙarfe, da mai gajeren gudu, da ɗan kokawa, da ɗan dambe, da ɗan ƙwallon da yake zabura ya tsaya ya sake zabura. Mai gudun fanfalaki ba zai ƙaru da abin kirki ba, wataƙila ma nauyin da zai ƙara ya ja shi baya.

A 2003 wasu masana biyu a Amurka, Rawson da Volek, sun tattara bincike 22 da aka yi kan masu ɗaga ƙarfe. Waɗanda suka sha kiriyatin ƙarfinsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, waɗanda aka ba garin da ba komai a cikinsa kuwa nasu ya ƙaru da kashi 12. Ina so ka lura da 12 ɗin nan sosai, domin tirenin kaɗai ya kawo ta. Garin 8 ya ɗora a kai. Mai zama a gida ya sha ba ya ɗaga komai, ruwa kawai tsokarsa za ta ja.

Ba sabon abu ba ne. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, ya gano shi a nama tun 1832. A 1992 Roger Harris da Karin Söderlund da Eric Hultman suka wallafa binciken da ya nuna cewa shan giram 5 sau da dama a rana yana ƙara yawan kiriyatin a tsokar mutum. A shekarar ce jaridun Ingila suka ruwaito cewa Linford Christie, wanda ya ci zinaren mita 100 a gasar Olamfik ta Basalona, yana cikin masu sha. Har yau hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ba ta sa shi cikin abubuwan da ta haramta ba.

Ina nanata wannan ne saboda a garinmu an jefa komai cikin kwando ɗaya. Kiriyatin daban, allurar sitiroyid da wasu ke yi a ɓoye daban, sha-ka-fashe daban. Sha-ka-fashe yawanci haɗin dexamethasone ne da maganin buɗe ciki, yana kumbura fuska, yana tayar da suga da hawan jini, kuma tsoka ma narkar da ita yake yi. Duk wanda ya ce maka zai haɗa maka kiriyatin da wasu ƙwayoyi don ka yi saurin cika, ka bar shagonsa.

Wanda za ka saya

Ka duba jikin robar. Abin da kake nema shi ne rubutun da ya ce Creatine Monohydrate, kuma a wajen da aka jera abubuwan da ke ciki, shi kaɗai ne, ba a haɗa shi da komai ba. Kusan duk binciken da aka yi tun 1992 a kan wannan nau'in aka yi shi, kuma shi ya fi araha. Za ka ga wasu nau'o'in masu tsada, irin su HCL da Ethyl Ester da Kre-Alkalyn, mai shago zai ce maka sun fi shiga jiki. An gwada Ethyl Ester da Kre-Alkalyn kai da kai da na asalin, ba wanda ya fi shi. In ka ga an rubuta Micronized, shi ɗin ne dai, an ƙara niƙa shi ne don ya fi saurin narkewa, ba laifi in farashin bai yi nisa ba.

Garin na gaskiya fari ne tas, ba ƙamshi, kusan ba ɗanɗano, kuma in ka zuba a ruwan sanyi ba ya narkewa duka, za ka ga ɗan tsaki ya kwanta a ƙasan kofi. Wanda ya narke nan take ya yi zaƙi, akwai alamar an cuɗa shi da gulukos. Amma ido da harshe ba sa isa su tabbatar maka da komai, don haka inda ka saya ya fi muhimmanci. Kada ka sayi wanda aka auna maka a leda ko aka ɗura a robar da ba rubutu, ko da rabin kuɗi ne. Ka ga murfin a like, da takardar da ke manne a bakin robar ba a taɓa ta ba, da lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki an buga su da inji. Ka nemi lambar NAFDAC. In ka samu mai tambarin Creapure, wannan garin kamfanin AlzChem ne na Jamus, an san shi da tsabta. Ɗan wasan da ake iya gwada fitsarinsa a gasa kuwa ya nemi tambarin Informed Sport ko NSF Certified for Sport, domin abin da ke jefa 'yan wasa cikin matsala yawanci ba kiriyatin ɗin ba ne, wani haramtaccen sinadari ne da ya gurɓata garin a masana'anta.

Ana yawan tambayata ko halal ne. Garin da ake sayarwa ba daga nama ake tatso shi ba, a masana'anta ake haɗa shi daga sinadarai biyu, sakosin da sayanamid. Inda za ka yi hattara shi ne na kafso, saboda ɓawon kafso sau da yawa da jelatin ake yin sa, kuma jelatin na iya zama na alade. Ni gari nake ba da shawara, ya fi araha, kuma ka huta da wannan shakkar.

Gwangwanin nan masu launi da ake sha kafin tirenin, da manyan buhunan garin ƙara nauyi, su ma sukan rubuta cewa akwai kiriyatin a ciki. Yawanci ɗan kaɗan ne, ga kafeyin mai yawa a na farkon, ga sukari a na biyun. Ba su za ka dogara da su ba.

Awo

Giram 3 zuwa 5 a rana, kowace rana, har ranar da ba ka je tirenin ba. Ainihin maganar ke nan, sauran bayani ne. Mai ƙaramin jiki, kilo 55 zuwa 70, giram 3 ya ishe shi. Wanda ya haura kilo 80 ya sha 5. Yawancin robobi suna zuwa da ɗan cokalinsu a ciki, sai ka karanta giram nawa yake ɗauka, don ba duka ne iri ɗaya ba. In babu, cokalin shayi wanda aka ɗan tula yana kusa da giram 5. Wanda yake da ƙaramin sikeli, ko ya san mai shi, ya auna sau ɗaya ya ga yadda cokalinsa yake, daga nan ya huta.

Akwai hanya biyu ta farawa, kuma nan ne samari suke rikicewa. Ta farko ita ce ta ɗura: giram 20 a rana, a raba shi gida huɗu, giram 5 da safe, da rana, da yamma, da dare, na kwana 5 zuwa 7, sannan a koma giram 3 zuwa 5. Ta biyu ita ce ka fara da giram 3 zuwa 5 tun ranar farko ka ci gaba a haka. Hultman da abokan aikinsa sun gwada duka biyun a 1996. Waɗanda suka sha giram 20 na kwana 6 kiriyatin ɗin tsokarsu ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, waɗanda suka sha giram 3 na kwana 28 su ma nan suka isa. Kamar randa ce, ko da bokiti ka cika ta ko da moɗa, in ta cika ta cika, abin da ka ƙara bayan nan zubewa yake yi. A jiki zubewar ta fitsari ce, kuɗinka ne yake tafiya.

Ni hanya ta biyu nake ɗora yarana a kai. Ta ɗura tana cinye giram 100 zuwa 140 a mako ɗaya, kusan rabin ƙaramar roba, kuma ita ce ta fi kawo murɗar ciki da gudawa da jin kumburi. Wanda nake yarda ya yi ɗura shi ne mai gasa nan da mako biyu ko uku da ba shi da lokacin jira, shi ma kada ya haɗiye giram 10 ko 20 a zama ɗaya. Ka yi lissafi kafin ka saya: robar giram 300 za ta kai ka kwana 60 a giram 5, kwana 100 a giram 3. In ka san ba za ka iya sayen ta biyu ba in ta farko ta ƙare, gara ka sha giram 3 ta daɗe.

Lokacin sha bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Kiriyatin ba ya aiki kamar kofi, wanda za ka sha yanzu ka ji shi bayan rabin awa. Taruwa yake yi a tsoka a hankali, don haka lokacin da ba za ka manta ba shi ne lokacin da ya fi. Ka haɗa shi da wani abu da kake yi kullum, karin kumallo ko abincin bayan tirenin. Shan sa tare da abinci yana da fa'ida biyu, ciki ya fi karɓarsa, kuma insulin ɗin da abinci ke tayarwa yana taimaka masa shiga tsoka. Ba sai ka sayi lemon kwalba don wannan ba, shinkafa da waken da ka ci sun isa. In ka manta rana ɗaya, kada ka ninka washegari, ka ci gaba kawai.

Ka zuba a rabin kofin ruwa, ka motsa, ka shanye, ka ƙara ruwa ka ɗauraye abin da ya kwanta ka sha. Ya fi narkewa a ruwa mai ɗumi. Kana iya sa shi a koko ko kunu ko shayi ko fura in yanzu za ka sha. Abin da ba na so shi ne a jiƙa shi a gora a ajiye kwana da kwanaki, musamman a abu mai tsami kamar zoɓo ko kunun tsamiya, ga zafin rana. Tsami da zafi suna mayar da shi kiriyatinin, wanda ba shi da amfani ga tsoka. Busasshen garin kuwa yana shekaru bai lalace ba. Da damina ka riƙa rufe robar sosai, kada ka sa jiƙaƙƙen cokali a ciki. In ya ɗan dunƙule, murmushe shi za ka yi, bai ɓaci ba.

Zafi da azumi

A makon farko zuwa na biyu, musamman ga mai ɗura, sikeli kan nuna ƙarin kilo 1 zuwa 2. Ruwa ne tsoka ta ja, ba kitse ba ne, kuma ba sabuwar tsoka ba ce tukuna. Ɗan wasan da ake auna nauyinsa kafin a haɗa shi da abokin karawa ya sa wannan a lissafi, kada ya fara sha ana saura kwana kaɗan awo.

An daɗe ana cewa yana busar da jiki yana kawo ɗaurewar jijiya. Binciken da aka yi kan 'yan ƙwallon jami'a a Amurka masu atisaye cikin zafi bai nuna haka ba, masu shan ma sun fi ƙarancin ɗaurewar. Duk da haka, wanda yake tirenin a ƙarƙashin rufin kwano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, dole ya sha ruwa ko yana shan kiriyatin ko ba ya sha. Ka riƙa duba fitsarinka. In ya yi ja kamar shayi, ruwanka bai isa ba.

Da azumi ba sai ka daina ba. Ka sha giram ɗinka bayan buɗa-baki, in ka ci abinci cikinka ya natsu, ko da sahur. Kada dai ka fara ɗura a cikin Ramadan, saboda ba ka da awannin da za ka raba giram 20, kuma gudawa ga mai azumi ba ƙaramar matsala ba ce. In ka zaɓi ajiye shi gaba ɗaya har bayan Salla, ajiyar da ke tsokarka za ta sauka a hankali, ka dawo ka sake cikawa.

Batun ƙoda

Nan ne iyaye suke tsoro, kuma ban ga laifinsu ba. Duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa wankin ƙoda, ko ya san yadda cutar ta addabi mutanen Gashuwa, ba zai so ya ga ɗansa yana kaɗa wani farin gari a kofi ba. Abin da aka sani shi ne, a mutane masu lafiyayyar ƙoda, binciken da aka yi na watanni da na shekaru bai nuna cewa wannan awon yana cutar da ita ba. Ƙungiyar masana abincin 'yan wasa ta duniya, ISSN, ta bayyana hakan a matsayarta ta 2017, har ta ambaci waɗanda suka sha fiye da haka sosai na tsawon shekara biyar.

Sharaɗin shi ne ƙodar ta kasance lafiyayya, kuma ciwon ƙoda yakan daɗe a jiki mutum bai sani ba. Don haka nake cewa kowa ya auna jininsa kafin ya fara, in da hali ya yi gwajin ƙoda sau ɗaya. Mai ciwon ƙoda kada ya sha. Mai hawan jini, da mai ciwon suga, da mai sikila, da mai ƙoda ɗaya, da wanda ake da cutar a gidansu, sai likita ya amince. Mai ciki da mai shayarwa su bari tukuna. Yaron da bai kai shekara 18 ba kuwa ba na ba shi, sai in ɗan wasa ne sosai kuma mahaifinsa da likita sun sani.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wajen tirenin shi ne diclofenac da ibuprofen da samari ke haɗiya kusan kullum don ciwon jiki, wasu har biyu-biyu, cikin zafi, ba ruwa a jiki. Waɗannan an tabbatar suna illata ƙoda in aka maishe su abinci. Haka jiƙe-jiƙen ƙarin ƙarfi da ake sayarwa a gora, wanda ba wanda ya san abin da aka zuba a ciki. In kana shan waɗannan, ka fara barin su kafin ka zo mini da maganar kiriyatin.

In za a yi maka gwajin jini, ka gaya wa likita kana shan kiriyatin. Gwajin ƙoda da aka saba yi yana auna kiriyatinin ne, wato dattin da kiriyatin ke komawa in ya gama aiki. Mai yawan tsoka da ke shan garin, nasa na iya ɗan hawa alhali ƙodarsa kalau take. Likitan da ya san haka zai iya cewa ka dakata na wasu makonni a sake gwadawa, ko ya tura ka wani gwajin da ake kira cystatin C, wanda bai dogara da tsoka ba. Kada kai ma ka yi wa kanka fassara ka ce ai garin ne, ka bar likita ya tantance.

Maganar da ake yi cewa kiriyatin yana kawo sanƙo kuma daga wani ƙaramin bincike ta samo asali, wanda aka yi a 2009 kan 'yan wasan zari-ruga 20 a Afirka ta Kudu. An ga wani sinadarin jiki mai alaƙa da zubewar gashi ya hau, amma ba a auna gashin kowa ba, kuma ba a ba da rahoton wani ya yi sanƙo ba.

Yadda za ka gane ko ya karɓe ka

Ba kowa yake ganin canji ba. Kusan mutum biyu zuwa uku cikin goma tsokarsu ta riga ta kusa cika, galibi masu cin nama da kifi da yawa. Wanda nama ke masa wuyar samu, kamar yawancin yaran da nake koyarwa, shi ya fi ganin bambanci. Madubi ba zai gaya maka gaskiya ba, sai littafi. Kafin ka fara, ka rubuta nauyin jikinka, da nauyin da kake ɗagawa a benci da tsuguno da ɗagowa daga ƙasa, da sau nawa kake iya kowanne. Kada ka canja tsarin tirenin ɗinka ko abincinka a wannan tsakanin, in ba haka ba ba za ka san abin da ya kawo canjin ba. Bayan mako takwas ka kwatanta. In lambobin sun fi saurin hawa fiye da yadda suke yi a da, kuma set ɗin ƙarshe ya daina kayar da kai da wuri, ka ci gaba, ba sai ka riƙa hutawa wata-wata kamar yadda wasu ke cewa ba. In ba abin da ya motsa, ka daina saye, ka mayar da kuɗin kan abinci.

Ranar da ka daina, ba za ka ji wani ciwo ko kwaɗayinsa ba. Cikin mako huɗu zuwa shida ajiyar tsokarka za ta koma yadda take a da, jikinka ya ci gaba da haɗa nasa, kilo ɗaya ko biyun nan na ruwa su sauka. Tsokar da ka gina tana nan muddin kana ci gaba da ɗagawa kana cin abinci, sai dai ɗagawa ɗaya ko biyu ta ƙarshen set ɗin za ta iya raguwa.